Wankin Mota Da Kare Fenti Ga Wanda Ba Shi Da Lokaci: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da abokan aiki da 'yan uwa suka sha yi mini, galibinsu mutanen da ke fita tun da sassafe ba sa dawowa gida sai bayan magariba. Kusan duk damuwarsu ɗaya ce: suna ganin ƙarancin wanki ne ke kashe musu fenti. Abin da na gani da idona ya saɓa wa haka. A layinmu, motocin da suka fi saurin dusashewa su ne waɗanda ake gogewa kullum safiya.

Ba ni da lokaci. Sau nawa ya kamata a wanke mota?

Wanki mai kyau sau ɗaya a sati biyu ya ishi motar da ke yawo a cikin gari. Da damina, idan kana shiga laka, a ƙara da watsa wa ƙasanta ruwa duk sati. Ƙurar da ta kwanta a jikin mota ba ta yi wa fenti komai muddin ba a taɓa ta ba, muni kawai take sa wa. Abubuwan da ba sa jiran ranar wanki kaɗan ne: kashin tsuntsu da na jemage, ƙaron bishiya, man birki, da siminti. Su kam a cire su nan take, zan yi bayaninsu a ƙasa.

Maigadinmu yana goge ta da tsumma kowace safiya. Ashe ba taimako yake yi ba?

Da zuciya ɗaya yake yi, amma wannan gugar ita ce babbar ɓarnar da ake yi wa fenti a ƙasar nan, kuma ni ma ta ci ni.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sai wani shafi garau a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare wa launin rana. Duka hawan nan, yadda suke fitowa daga masana'anta, kaurinsu bai cika wuce maikron 100 zuwa 150 ba, kiliyar kuwa wajen 40 zuwa 50 ce. Maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Takardar da ake buga wasiƙa a ofis kaurinta kusan maikron 100 ne, ke nan kiliyar motarka rabin takarda ce. Kuma ba ta sake tsirowa.

Ƙurar hunturu kuwa ba gari ba ce kamar yadda take a ido. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da can ruwan babban tafki ya kwanta. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris take sauka a kanmu, ta haɗu da ƙurar titinmu. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, yashi kuwa ya fi gilashi tauri, balle kiliya. Duk wanda ya ɗora busasshen tsumma a kan wannan ƙura ya ja, da takardar yashi yake aiki.

Na sayi mota mai shuɗi mai duhu ana gab da shiga sanyi. Dattijon da ke mana gadi, Allah ya saka masa, yana idar da sallar asuba sai ya ɗauko wata tsohuwar singileti ya bi ta tas, kafin in fito tana walƙiya. Da hazo ya wuce, wata rana na ajiye ta a filin ofis da tsakar rana, na waiwaya, sai na ga bonet ɗin ya cika da zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, shuɗin ya koma toka-toka. Hunturu ɗaya tak.

Da na ce masa, "Baba, don Allah daga yau a bar goge jikin," sai ya ce, "Yallaɓai, ai maƙwabta za su ce ba na aikina." Gaskiyarsa, mutuncinsa yake karewa. Sai na kai shi gaban motar na haska masa fitilar waya a jikin ƙofa, ya ga zanen da idonsa, ya yi salati. Muka yi yarjejeniya: gilashi da madubi da fitilu nasa ne, da ruwa, jikin kuwa sai ranar wanki. In za ka hana, ka nuna dalili kuma ka ba mutum wani aikin a madadin, in ba haka ba kana juya baya zai koma. Kai ma gwada fitilar wayar da daddare a jikin taka, za ka san inda kake.

To da hunturu haka zan riƙa fita da mota buɗu-buɗu?

Idan ba za ka iya jurewa ba, a watsa mata ruwa daga sama zuwa ƙasa da tiyo ko da bokiti, ba tare da hannu ya taɓa ba, ka ja ka tafi, iska ta busar. Ba za ta yi ƙyalli ba, amma yawancin ƙurar zai sauka. In babu ruwa, a bar ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gilashin gaba ma haka. Kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura. Zanen baka da kake gani a gilasan tasi, wanda ke watsa hasken fitilar mai tahowa ya kashe ido da daddare, daga nan yake. Ka tabbata tankin ruwan waifa a cike yake, ka fesa sosai kafin robar ta motsa.

Omo fa? Kowa da shi yake wanki.

An yi omo ne don ya fitar da maiƙo daga tufafi, kuma yana da kaifi. Zai wanke motar, amma zai tafi da duk wani kakin kariya da aka shafa mata, ya busar da robobin gefen gilashi, ya sa baƙaƙen robobin bamba su yi fari. Ga shi garinsa ba ya narkewa duka a ruwan sanyi, ragowar ƙwayoyin su shiga soso su yi karce. Sabulun wanke-wanke na ruwa ya fi shi sauƙi, amma shi ma yana cin kaki.

Sabulun mota na ruwa, wanda ake kira shamfu, ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyaran mota da manyan kantuna. Amfaninsa santsi: yana sa datti ya zame maimakon ya karta. Murfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, don haka kwalba ɗaya takan yi watanni. 

Yaya ake wankin da ba ya ɓata fenti, kuma minti nawa yake ci?

Da hannun da ya saba, rabin awa. A yi shi a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar, jikin motar da sanyi. In ka ɗora bayan hannunka a bonet ka ji zafi, a dakata, don ruwa da kumfa za su bushe tun ba a ɗauraye ba.

Ana farawa da tayoyi da wili, da buroshi da bokitinsu daban, saboda nan ne yashi da baƙar ƙurar birki suka fi taruwa. Abin da ya taɓa taya ba ya taɓa fenti har abada. Daga nan a watsa wa duk jikin ruwa sosai. Wannan ɗaurayar farko ta fi duk sauran aikin muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa don tsimin ruwa.

Sai a ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. A tsoma soson hannu mai laushi a kumfa, a wanke ɓangare ɗaya, a ɗauraye shi a ruwan zalla, sannan a koma kumfa. Ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar in an gama, za ka ga yashin da ya kwanta, wanda da bokiti ɗaya ne da duk a jikin motar zai ƙare. A fara daga rufi a sauko, ƙasan ƙofofi su zo ƙarshe. Ba a dannawa, nauyin hannu ya isa, kuma a riƙa ja a miƙe.

Busarwa da tawul ɗin maikrofaiba, mai taushin nan da ke kama yatsa in an shafa. A shimfiɗa shi a ja a hankali. Tsohuwar atamfa da singileti da tawul ɗin wanka duk a raba su da fenti. In tawul ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi. Sayi huɗu ko biyar, a wanke su daban, a shanya inda ƙura ba ta kai.

Mu ruwa saye muke yi wajen 'yan garuwa. Jarka nawa zan ƙarar?

Jarka biyu masu lita 25 suna wanke ƙaramar mota tsaf in da lissafi: kusan rabi ga ɗaurayar farko, sauran ga bokitai da ɗaurayar ƙarshe. Butar ban-ruwan shuka, ko famfon feshin da manoma ke goyawa, sabo wanda bai taɓa ganin magani ba, yana rage ɓarnar ruwa ƙwarai.

Akwai kuma wani ruwan wanki da ba a ɗaurayewa. Ana ɗiga kaɗan a bokiti ɗaya, a jiƙa tawul da yawa a ciki, a shafa kowane ɓangare da sabon gefen tawul, a busar. Yana aiki a kan ƙura marar yawa, kuma ya dace da wanda ke zaune a gidan haya mai hawa ko wanda ba shi da magudana. Amma motar da ta sha hazon sati guda ko lakar damina, sai an fara watsa mata ruwa tukuna.

Ina gama wanki sai in ga ɗigo-ɗigon fari a jiki da gilashi. Mene ne?

Ruwan ne. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana ɗauke da ma'adinai irin na farar ƙasa, su ne ke yin farin ɓawo a gindin butar shayi. In ruwan ya bushe da kansa a jikin mota, su sai su zauna, in rana ta gasa su har su ci kiliya. Maganinsa busarwa da tawul tun ruwan bai ƙafe ba. Wanda ya riga ya zauna, a haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tawul a ɗora minti ɗaya, a ɗauraye. Binega na cire kaki, saboda haka a sake shafawa a wurin.

Ni wajen masu wanki nake kai ta. Me zan duba?

Kafin ka miƙa makulli, tsaya minti biyu ka kalli yadda suke yi wa motar da ke gabanka. Sun watsa ruwa kafin su ɗora soso? Ina suke ajiye soson in sun sauke, a bokiti ko a ƙasa? Wanda ya wanke taya da shi ya hau rufi? A rana ake wankin ko a rumfa?

Yaran nan aiki suke yi tuƙuru a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma da kayan da maigidansu ya ba su suke aiki. Hanyar da ta yi mini amfani ita ce in ajiye ƙaramar jaka a but: shamfu, soson hannu, tawul uku. In na je sai in miƙa in ce da waɗannan za a yi. Ka riƙe mutum ɗaya, ka san sunansa, ka ƙara masa wani abu a kan kuɗin wanki. Bayan zuwa uku ba sai ka sake bayani ba, kana iya barin motar ka shiga masallaci ko kasuwa.

Ka ja kunnensu a kan injin feshi, mai watso ruwa da ƙarfi. Ya yi nesa da jiki kamar kamu ɗaya, kada a matsa shi kan inda fenti ya fashe ko bakin robar gilashi, don yana ɗaye su. Sannan kada a shafa wa taya man birki ko baƙin mai don ta yi ƙyalli. Baƙin mai na lalata roba, man birki kuwa in ya fantsama a jiki cin fenti yake yi.

Kaki, ruwan feshi, siramik, leda: wanne ya dace da mai ƙarancin lokaci?

Duk aikinsu ɗaya, su zama wani siririn shafi a kan kiliya wanda zai ɗauki wahalar rana da datti a madadinta, ya kuma sa ƙura ta ƙi kamawa. Amfanin da mai hidima zai fi ji shi ne na biyun: motar da ke da kariya, ɗauraya kawai tana fitar da mafi yawan dattinta, wanki ya ragu, taɓawa ta ragu.

Kakin gwangwani, wanda mutane ke haɗawa da folish a suna, mai kyansa daga ganyen wani irin giginya na ƙasar Brazil ake samo shi, sunansa karnuba. Yana ba da ƙyalli mai zurfi, musamman a baƙar mota. Sai dai zafi ne maƙiyinsa. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, zafin iska kansa yana haura digiri 40, bonet ɗin baƙar mota a rana kuwa yana wuce 70. A irin wannan yanayi da wuya kaki ya kai wata biyu, ga shafawa da gogewa na cin awa guda. Mai sha'awa ne zai iya da shi.

Ruwan kariya na feshi shi nake ba mai hidima shawara. Bayan an ɗauraye mota tana jiƙe, a fesa sau biyu a kowane ɓangare, a busar da tawul kamar kullum. Minti biyar ya ƙaru a kan wanki. A wajena yana kai wata biyu zuwa uku. Gane ƙarewarsa ba wuya: in ka watsa ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, yana nan. In ya shimfiɗu ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi. Ni na ɗaure shi da farkon hunturu, farkon bazara, farkon damina da ƙarshenta, don kada in manta.

Siramik wani ruwa ne mai sinadarin silika da ke daskarewa ya kama kiliya, ya yi shekara biyu ko fiye in an yi shi daidai. Ya fi duk na baya jure zafi da sabulu. Amma ingancinsa a shirin da aka yi kafin shafawa yake. Dole a wanke, a cire duk abin da ya maƙale, a goge zanen da ke jiki, a share maiƙo, sannan a shafa a rufaffen wuri marar ƙura, motar ta kwana ba ta ga ruwa ba, a yi kamar sati ba a sa mata sabulu ba. Wanda ya ce zai yi maka shi a bakin titi cikin awa ɗaya ana tsakiyar hazo, ƙura zai rufe maka a ƙarƙashi. Ga sabuwar mota da za ka riƙe shekaru, kuma ka sami mai aiki na gari, kuɗin bai faɗi ba. Ga motar da fentinta ya riga ya gaji, ban ga dalili ba.

Ledar kariya ita kaɗai ce ke tare tsakuwa. Roba ce garau mai kaurin kusan maikron 200, an fara amfani da irinta a fukafukan jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka kafin ta shigo harkar mota. Tana da tsada. Wanda ke yawan bin manyan hanyoyi a bayan tireloli da tifofi zai amfana in ya sa ta a gaban bonet, bamba da bayan madubai. Sauran jikin ba lallai ba. A guji mai araha, rana na mayar da ita ruwan ɗorawa, cire ta kuma wani aiki ne.

An ce mini siramik mai 9H ba ya karcewa. Gaskiya ne?

A'a. Wannan 9H ma'aunin taurin fensir ne, ma'anarsa fensir mafi tauri bai zana shi ba a gwaji. Yashi ya fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba, kuma shafin siramik maikron ɗaya ne ko biyu. Busasshen tsumma zai zana shi kamar yadda yake zana kiliya, makulli da kan keke-napep kuwa ba a magana.

Zanen ya riga ya cika jiki. In kai a yi mata bofin, wato gogen fenti da inji?

Ana yi, kuma yana dawo da ƙyalli har ka yi mamaki. Amma ka san abin da injin ke yi: kiliyar yake kankarewa har ta sauko daidai da zurfin zanen. Kowane zuwa yana rage ta, kuma ka tuna rabin takarda ce. Wanda ya mayar da shi al'adar duk sallah, garin neman gira zai rasa ido, don wata rana launi zai gani a jikin soson injin. Sau ɗaya da hannun gwani, da man goge mai laushi, sannan a sa kariya a gyara yadda ake wanki. Karcen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce bofin, na mai fenti ne.

Rana ko gindin bishiya, wanne ya fi?

Rumfa ta fi su duka. In da hali, rumfar kwano ko ta tamfol a gida ita ce kuɗin da ya fi kowanne amfani a wannan harka, domin rana ce ke ƙona kiliya, ta fasa dashbod, ta sa fitilun gaba su yi jaja-jaja. Lura da tsofaffin motoci: rufi da bonet da murfin but ne ke fara ɗayewa, ƙofofi suna nan lafiya.

Inuwar darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, tana da daɗi, amma tana zuwa da 'ya'ya masu danƙo da tsuntsaye, wasu bishiyoyin har da jemagu. Na awa biyu a ofis, ina zaɓar inuwar, in duba jikin kafin in tashi. Kwana a ƙarƙashinta ne ba na so.

Rigar mota kuwa sai a kan wankakkiyar mota. In aka lulluɓa ta a kan ƙura, iska na kaɗa ta dare ɗaya tana gurza yashin a kusurwoyi. Ta dace da wanda zai yi tafiya ya bar motar makonni. Mai fita kullum ba zai iya da ita ba.

Me zan yi wa kashin tsuntsu, kwalta da makamantansu?

Ajiye gorar ruwa da tawul ɗaya a mota saboda wannan. Kashin tsuntsu da na jemage suna da tsami, a rana mai zafi kuma yini ɗaya ya isa su bar tabo. Kada a kankare. A jiƙa tawul ko tishu a ɗora a kai minti biyu ko uku har ya yi laushi, a ɗauke shi sama, a zuba ruwa. Ƙaron bishiya ma haka, da ruwan ɗumi da shamfu.

Kwaltar sabon titi tana narkewa da ɗan kananzir a tawul. A dangwala a wurin kawai, a wanke da shamfu nan da nan, a sake fesa kariya. Fetur da ya zubo a bakin tanki a ɗauraye shi, in ana bari yana barin rawayan tabo. Man birki ya fi kowa sharri, amma ruwa na narkar da shi: in bakanike ya ɗiga a madigadi, a kwarara ruwa da yawa a take, kada a goge da tsumma. Siminti, in ka ajiye mota kusa da gini, a wanke tun yana ɗanye. In ya bushe, binegar nan da haƙuri, a jiƙa a jira, a sake. Sitika da fosta a bar su su yi ɗumi a rana, a ɗaye a hankali, ragowar gam ɗin kananzir zai cire. Reza ba ta hawa fenti.

Da damina ai ruwan sama na wanke ta?

Ruwan farko da ƙura yake saukowa, shi ya sa mota ke wayar gari da dabbare-dabbare. Amma matsalar damina a ƙasa take. Laka na cushewa a cikin madigadi da ƙarƙashin ƙofofi, ta riƙe danshi kwanaki, tsatsa ta fara daga ciki inda ido ba ya kai. Motocin da aka shigo da su na hannu daga Kanada, arewacin Amurka da Turai sun fi haɗari, don a can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da yawansu da tsatsarsu suke isowa. A sa tiyo a cikin madigadi har ruwan ya fito garau. A duba ƙananan ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa, in sun toshe a zokale da tsinke. A kwashe ganyen da ke taruwa a gindin gilashin gaba, in ba haka ba ruwa zai sami hanya zuwa kafet. Duk inda tsakuwa ta fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, a ɗiga masa ɗan fenti kafin ruwa ya sauka.

Zan sayi mota. Wane launi ne ba ya wahalarwa?

Ruwan azurfa, ruwan ƙasa mai haske, sai fari. Suna ɓoye ƙura da zane, kuma ba sa ɗaukar zafi kamar masu duhu. Baƙa tana da kwarjini, amma awa ɗaya bayan wanki hazo ya nuna a jikinta, kuma ita ce ke jawo jarabar tsumma.

An yi mini sabon fenti. Yaushe zan sa kariya?

Sabon fenti yana ci gaba da fitar da sinadaransa makonni bayan ya bushe a hannu. A ba shi wata ɗaya zuwa uku kafin kaki ko siramik, gwargwadon abin da mai fentin ya ce, don ya danganta da irin fentin da ko an gasa shi. A wannan tsakani ruwa da shamfu kawai, da hannu mai sauƙi, kuma a nisanta shi da gindin bishiya.

A riƙa wanke injin duk lokacin da aka wanke jiki?

A'a. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori, ruwan injin feshi kuma yana shiga soket ya jawo matsalar da za ta yi ta kai ka wajen mai wayarin. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, injin da sanyi, a rufe altaneta da akwatin fis da ƙwaƙwalwar motar da leda, a yi da buroshi da ruwa kaɗan.

Rufin motata ya fara yin fari yana ɓarewa kamar fatar maciji. Akwai man da zai gyara?

Babu. Kiliyar ce ta mutu ta rabu da launin da ke ƙasanta, kuma kaki ko siramik ba sa mayar da ita. Mai da za a shafa zai sa wurin ya yi duhu kwana biyu ya koma. Gyaransa a kankare ɓangaren a sake fesawa, launi da kiliya. In za ka yi, ka tambayi mai fentin irin kiliyar da zai sa da hawa nawa, ka nemi ganin motar da ya fesa shekara biyu da suka wuce, don ta jiya kowa tasa tana ƙyalli. Ka guji ranakun da hazo ya yi kauri sai in yana da rufaffen ɗakin feshi. In kuɗin bai samu ba tukuna, ka riƙa ajiye ta a inuwa, ka hana a sa wa bakin wurin injin feshi, kuma ka sa wa bonet da murfin but kariya tun yanzu, domin su ne za su biyo baya.